Tabarau ɗin da Na Yi ta Gyara wa Malam Kailani

Sunana Nagoda, gyaran agogo ne sana'ata. Shekara talatin da bakwai ke nan ina zaune a gindin darbejiya ɗaya a bakin titin Tudun Wada, da ɗan teburina da benci. Yanzu kuwa wa ke ɗaura agogo? Kowa waya yake zarowa ya duba lokaci. Shi ya sa na haɗa da gyaran tocila da tabarau, don kada in wuni ina ƙirga motoci. To, ba labarina zan ba ku ba. Labarin Malam Kailani ne, mai ɗinkin hannu, wanda muka raba inuwar bishiyar nan da shi shekara ashirin da shida. Sai dai duk yadda na juya labarin, hannuna na ciki dumu-dumu, kuma ba zan ɓoye ba.

Malam Kailani ɗan cikin birni ne, gidansu gidan ɗinki ne tun kaka da kakanni. Babbar riga yake yi wa aiki da allura da zare, ba keke, ba inji. Da iyali suka yi yawa gida ya yi musu kaɗan, sai ya kama haya a Tudun Wada. Wata safiya ya zo ya tsaya a kaina da tabarma a hammata, ya yi sallama, ya ce ko zan bar shi ya zauna ta gefen gabas, don hasken safe ya fi kyau a wajen. Na ce masa ai bishiyar ba ta ubana ba ce. Ya yi murmushi ya shimfiɗa tabarmarsa. Haka muka fara.

Mutum ne siriri, mara yawan magana. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, kullum ina cikin faɗa da 'yan acaba da masu zuba mana shara a kwata. Shi sai dai ya ce, "Nagoda, bar su," ko kai ba zai ɗago ba. Riga ɗaya takan ɗauke shi wata biyu, wani lokacin uku. Idan ya gama, ba gabanta yake fara nuna wa mai ita ba. Cikinta yake juyowa, don a ga babu ƙulli, babu zare a warwatse. Da injinan ɗinki masu kwamfuta suka shigo gari, suna zuba aikin wata uku a wuni guda, abokan sana'arsa suka watse, wasu suka koma tuƙa Keke, wasu gadi. Shi ko a jikinsa. Ya ce inji bai san wuyan wanda zai sa rigar ba. Manyan mutane daga Kaduna da Kano suka ci gaba da aiko masa da shadda, suna jira.

Matarsa Sakinatu ce ta fara lura da idonsa. Ta ga yana miƙa allura can nesa kafin ya zura zare, sai ta tasa shi a gaba har asibitin ido. Aka gwada shi, aka rubuta masa gilashi, ita da kanta ta zaɓar masa firam, wato ƙarfen da ke riƙe gilashin, siriri mai ruwan zinare. Ranar da ya fara zuwa da shi na yi ta dariya, na ce yau alƙali ya zo zaman kotu a gindin darbejiya. Ya ce haka ita ma ta ce.

Bayan shekara uku Sakinatu ta kwanta. Kwana tara ta yi a asibiti, Allah ya karɓi abarsa. Daga ranar Malam Kailani bai sake taka ƙofar asibiti ba, ko dubiya ce sai dai ya aika da gaisuwa. Ɗiyarsu ɗaya ce ta rayu, Bahijja, malamar makaranta, tana aure a Hanwa. Duk Asabar takan zo masa da abinci da wankakkun kaya.

Karyewar farko a masallaci ta faru. Ya ajiye tabarau a gefen sahu, wani mai sauri ya taka, ƙafa ɗaya ta cire daga gaɓarta. Ya zo mini da shi a naɗe a hankici, fuskarsa kamar an yi masa sabuwar rasuwa. Na ce, "Haba Malam, don wannan? Zauna." Na ciro ɗan noti daga wani mataccen agogo, na ɗaure ƙafar, minti goma bai cika ba. Ya sa, ya girgiza kai, tabarau bai motsa ba. Ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba ƙarya.

Bayan kamar shekara biyu ya fara cewa yana ganin hazo-hazo, musamman da yamma. Na karɓi tabarau na ɗaga shi sama, na ga ya sha ƙarce. Na ce, "Gilashin ne ya gaji. Shi ma gajiya yake yi kamar batir." Wallahi haka na yarda, kuma haka duk masu irin sana'ata suka yarda. Ya ce to yaya za a yi, shi fa ba zai je asibiti su raba shi da firam ɗin nan ba. Na ce wa ya ce sai asibiti?

Ina da wani gwangwanin madara da na cika da tsofaffin gilasai, na tabarau ɗin da mutane suka zubar ko suka bar mini. Sai na zazzage su a kan tebur. Ya riƙe allura da zare, ni kuma ina kara masa gilashi a ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zura zare da shi a karon farko, shi ne nasa. Sai in goga gefensa a dutsen wasa wuƙa har ya shiga firam, in ɗaure. Gwajinmu ke nan. Muka sa masa suna gwajin allura, har mutane kan tsaya kallo. Sau huɗu na canza masa gilashi a haka, kowane ya fi na baya kauri. Kowane lokaci zare ya shiga, sai in daki tebur in ce, "Ina likitocin? Su zo su koya!"

Abin da ya ruɗe mu ke nan: zaren yana shiga. Duk abin da ke gabansa sak, yana ganinsa, har ramin allura. Abin da ke gefe ne ya fara ɓace masa, mu kuma ba mu san ido na yin haka ba. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki almakashi ya ture kofin shayi. Mutum zai zo ta haggunsa ya ɗaga masa hannu, ba zai amsa ba. 'Yan unguwa suka fara cewa Kailani ya yi girman kai tun da manya suke sa ɗinkinsa. Ni ma na tsokane shi, na ce ko sai an rubuto takarda kafin a gaishe shi. Sau biyu ɗan acaba ya kusa kwashe shi a wajen tsallaka titi, ni kuma na bi ɗan acaban da zagi har ya ɓace. Duk wannan a gabana aka yi, ina zaune taku uku daga gare shi.

Shekara uku da suka wuce, ranar wata Asabar, ya taso daga alwala ya yi karo da ƙofar wata mota da aka bari a buɗe. Goshinsa ya fashe, tabarau ya rabe biyu daidai karan hanci. Ana cikin goge masa jini sai ga Bahijja da kular abinci. Ta dubi mahaifinta, ta dubi ƙofar motar, fara ƙal, da rana tsaka. Ta durƙusa a gaban teburina.

"Baba Nagoda, don girman Allah kada ka gyara shi," in ji ta. "In ka gyara ba zai je ko'ina ba. In bai da shi kuwa, dole ya bi ni a gwada shi a yi masa sabo. Wannan ba matsalar gilashi ba ce. Ta yaya mutum zai kasa ganin ƙofar mota?"

Raina ya ɓaci. Yarinyar da na sani tun tana rarrafe, ita za ta koya mini aikina? Na ce, "Ke Bahijja, boko ne ke ɗibarki. Mutum bai isa ya yi tuntuɓe ba sai a ce asibiti? Malam, karɓi allura." Na haɗa masa ɓari biyun a fuska da hannuna, ya zura zare tashi ɗaya. Na juya gare ta na ce, "Makaho na yin haka?"

Malam Kailani ya ce a hankali, "Mahaifiyarki ce ta zaɓa mini shi, Bahijja. Bar mini abina."

Hawaye na zuba, ta ajiye kular ta tafi. Ni kuwa na naɗe karan hancin da siririyar waya, na bi da zaren siliki daga nasa kayan, ya yi kyau har ba ka cewa ya taɓa karyewa. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Kuma babu aikin da na tsana a duniya kamarsa.

Shekara biyu bayan nan, Alhaji Sabo, wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana kawo masa ɗinki, ya dawo da wata riga. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bencina ya buɗe ta a cinyarsa, ya ce, "Nagoda, duba mini nan." Na duba. Gefen dama aiki ne irin na Malam Kailani, lafiya lau. Gefen hagu kuwa layukan sun karkace, wani ya hau kan wani, ga wuri kamar faɗin tafin hannu da allura ba ta taɓa ba sam. A wani wajen ma zare ruwan toka ya shiga cikin fari. Aka miƙa wa Malam Kailani. Ya kawo ta dab da hancinsa yana bin ta kaɗan-kaɗan, yana juya kai gaba ɗaya kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Da ya kai wurin da babu ɗinki, ya shafa da yatsa, ya sake shafawa. Sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na yi wannan?"

A ranar, da kansa ya ce in kira masa Bahijja.

Na bi su asibitin, ban san dalili ba. Ƙila ina so in ji an ce yanar ido ce, a kankare a huta, don na san mutane da yawa da aka cire wa yanar ido suka dawo garau. Likitar mace ce, ba za ta girmi Bahijja ba. Ta ɗiga masa magani, ta haska, ta sa shi ya kafa haɓa a wani inji, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta rufe masa idon dama ta tsaya a gabansa.

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

"Kin ɗaga ne?" in ji shi.

Ta koma kujerarta ta ɗauki tabarau ɗin tana juya shi. Ta ga waya, ta ga zare, ta ga gefen gilashin da aka goga a dutse. Gilasan biyu ma ashe ba ƙarfinsu ɗaya ba.

"Wa yake canza masa wannan?"

Na ce, "Ni ne, likita."

Na so ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na samu abin mayar wa martani, da na ji sauƙi. Sai kawai ta dube ni ta ce, "Sannu, Baba." Ta juya ga Bahijja ta yi bayani da Hausa tsantsa, yadda kowa zai gane. Ta ce hawan jinin ido ne. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, daga gefe yake cin gani ya bar tsakiya sai ƙarshe. Ta ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama saura ɗan kaɗan. Jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, ko da aiki, ko da gilashi.

Bahijja ta ce, "Da mun zo da wuri fa?"

Likita ta ce, "Da shekara biyar ko shida baya ne, maganin ɗigawa kawai zai riƙe shi. Ko shekara biyu baya ma, da mun ceci da yawa a na daman."

Shekara biyu. Bahijja ba ta kalle ni ba, kuma har yau ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Da ta yi, da ya fi mini.

A Keke muna dawowa, da muka wuce Kongo sai Malam Kailani ya ce, "Ba ta rubuta sabon gilashi ba?" Bahijja ta ce a'a, Baba, magani ta ba da. Ya ce, "To ka ji, Nagoda. Ita ma ta ga namu ya isa." Na juya fuska waje. Da muka sauka na ɗauki gwangwanin nan na juye shi a rami na binne, na tattake ƙasar da ƙafa. Mai shayi ya tambaye ni lafiya, na ce ina ruwansa.

Ya yi ƙoƙarin ci gaba da aiki, amma abin ya ƙi. Sai ya soki yatsa jini ya ɓata shadda. Da kansa ya naɗe rigunan mutane uku ya ce a mayar musu, a ba su haƙuri. Maganin yana ɗigawa, sai dai ɗan abin da ya rage ya ci gaba da raguwa. Bayan ya faɗa kwata sau ɗaya, Bahijja da mijinta suka kwashe shi zuwa Hanwa. Tabarmarsa na wurina. Duk Asabar takan kawo shi da hantsi, in shimfiɗa masa, ya wuni a gefen gabas hannu biyu a kan gwiwa. Ba ya kuka da komai. Abu ɗaya yake maimaitawa, wai gilashin ne ya yi datti. Sai ya cire ya huhhura ya goge da bakin riga ya mayar. A wuni zai yi haka sau ashirin. Ban sani ba ko ya yarda da hakan ne, ko don ni yake faɗa.

Asabar ɗin da ta wuce sun zo a makare, bayan Azahar. Bahijja na riƙe da hannunsa, fuskarsa babu tabarau. Ban taɓa ganinsa ya fito da idanunsa tsirara haka ba tun shekara goma sha huɗu. Ashe ya faɗi ne a ɗaki, yana lalube, ya taka shi da ƙafarsa. Ta buɗe jaka ta ajiye mini. Karan hancin ya sake rabewa, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe.

Na ce, "Ba zan taɓa shi ba. Na rantse ba zan ƙara taɓa tabarau ɗin nan ba. A saya masa wani, ko baƙi ne, na tare rana."

"Na sayo, Baba, ya ƙi sawa," in ji Bahijja. Ta rage murya. "Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Gyara masa. Yanzu ai ba abin da zai ɓata."

Na dube ta. Ita ce ta durƙusa a wurin nan ta roƙe ni kada in gyara, yau ita ce take roƙo in gyara. Na ce ta je ta dawo bayan La'asar.

Wannan karon waya ba za ta riƙe ba, sai dalma. Zafin wuta kuwa fasa gilashi yake yi, don haka na kwance notin na zare gilasan biyu na ajiye a kan tsumma. Na miƙar da ƙafar, na haɗa karan hancin na narka dalma a kai. Sau uku ina sakewa. Shi yana zaune a bencina kafaɗa da kafaɗa, yana shaƙar ƙaurin.

"Nagoda," ya ce, "yau ba ka yi faɗa da kowa ba."

"Ba ni da lokacinsu."

"Ka daina abin da kake yi wa kanka. Ni na kawo maka, ba kai ka zo ka ƙwace ba."

Na tsoma firam ɗin a ruwa ya huce, na goge, na ajiye a bakin tebur, na juya ina neman ƙaramin sukurdireba da ya faɗi ƙarƙashin benci. Daidai nan ladan ya kira La'asar. Ina ɗagowa na ga ya riga ya lalubo firam ɗin. Ya shafa karan hancin da babban yatsa, ya rataya a kunnuwansa, ya gyara masa zama. Ya ɗaga kai ya fuskanci titi, ya daɗe a haka.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ka ga yanzu ya washe. Allah ya yi wa hannun nan naka albarka."

Gilasan biyu suna nan a gabana a kan tsumma.

Ya miƙe tsaye ya miƙo hannu wajen da yake zaton ina nan, ya kauce mini da kusan kamu ɗaya.

"Taso mu je, kada mu rasa jam'i."

Na matsa na sa kafaɗata a ƙarƙashin hannunsa, muka tafi.